Aikin Dare da Ƙwannafi: Me Ke Ƙona Ƙirjin Ma'aikatan Jinya?

Shin aikin dare ne da kansa yake jawo wa ma'aikatan jinya ciwon ƙwannafi, ko kuwa abin da suke ci da sha a cikin daren ne? Duk lokacin da aka zauna hirar lafiyar masu aikin asibiti sai wannan tambaya ta taso, kuma yawanci akan rabu gida biyu. Wasu su ce laifin nas ɗin ne, ita ke ɗirkar kofi, ita ke cika ciki da ƙarfe uku na dare, ita ke kwanciya da loma a baki. Wasu su ce a'a, ba a gina jikin ɗan Adam don ya kwana ido biyu ba, saboda haka ko ruwa kaɗai ta sha sai ƙirjin ya yi zafi. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya, ya bar wani a ƙasa.

Ni dai maganar ta shiga raina ne a wasu darare da na yi ina jinyar mahaifiyata. Nas ɗin da ke kula da ɗakin mace ce da ta ɗan manyanta. Na lura duk bayan ɗan lokaci sai ta dunƙule hannu ta danna tsakiyar ƙirjinta, ta yamutsa fuska, ta ci gaba da rubutu. Wajen ƙarfe uku da rabi na ga ta zaro wata ƙwaya daga aljihun rigarta tana taunawa a tsaye, ɗayan hannun yana gyara robar ƙarin ruwa. Na ce, "Sista, lafiya dai?" Ta ce, "Ƙwannafi ne, Malam. Duk satin da nake dare haka nake fama. Da na koma safe sai ya lafa." Ba ta rufe baki ba aka kira ta a gado na gaba. Abincin da ta buɗe tun ƙarfe ɗaya yana nan a kan tebur, da cokali a ciki, ya huce.

"Da na koma safe sai ya lafa." Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan magana tata ce ta sa na bi diddigin lamarin.

Mene ne ƙwannafi, kuma yaushe yake zama ciwo?

Abincin da muka haɗiye yana bin wani bututu daga maƙogwaro zuwa tumbi, tsawonsa kimanin santimita 25 a jikin baligi. A ƙarshen bututun akwai wani zoben tsoka da ke aikin mai gadi. Yana saki abinci ya wuce, sannan ya tsuke kamar bakin jakar da aka zuge. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi muke jan numfashi, shi ma ya kewaye wurin yana ƙara masa matsi. A cikin tumbi kuwa akwai ruwa mai tsananin tsami, wato asid, da ke narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Bangon tumbi yana da yauƙi mai kauri da ke kare shi daga wannan ruwa. Bututun abinci ba shi da irin wannan sulke. Idan zoben ya saki a lokacin da bai kamata ba, ruwan ya tsallako sama, sai a ji zafi yana hawowa ta bayan ƙashin ƙirji.

Babu wanda ruwan cikinsa ba ya ɗan tsallakowa, musamman bayan cin abinci ko lokacin gyatsa. Haɗiya takan tura shi ƙasa, yawu ya wanke abin da ya rage, mutum bai ma sani ba. A shekarar 2006 ƙwararrun likitocin ciki suka fitar da matsayar da ake kira ta Montreal, suka ce abin yana zama ciwo ne idan dawowar ruwan tumbi ta fara takura wa mutum a rayuwarsa ko ta yi masa lahani. A aikace, wanda ke jin zafin sau biyu ko fiye a mako ya shiga wannan sahu. Likitoci na taƙaita sunan ciwon da GERD, kuma ƙiyasin da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin mutum 13 cikin 100 na manya suna fama da alamominsa. Ban da zafin ƙirji, akwai ruwa mai tsami ko ɗaci da ke dawowa baki, akwai busasshen tari da ba ya jin magani, akwai dashewar murya bayan tashi daga barci, wasu har haƙoransu kan fara zaizayewa ta ciki.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware, domin yana cutar da mutane. Da yawa duk wani zafi tsakanin ƙirji da cibiya olsa suke kiransa. Olsa, wato gyambon ciki, rauni ne a bangon tumbi ko a farkon hanji, kuma manyan musabbabansa biyu ne: wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda gano rawar da take takawa ya sa Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka karɓi kyautar Nobel a 2005, sai kuma magungunan kashe zafi. Ƙwannafi matsalar ƙofa ce da ba ta rufuwa da kyau. Bambancin yana da nauyi, saboda wadda ta ɗauka olsa gare ta za a ce mata kada ta kwanta da yunwa, ta ci wani abu ko ta sha madara kafin ta hau gado. Ga mai ƙwannafi wannan shawara ƙara wa wuta mai ce.

Jiki yana da agogonsa

A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke riƙe wa jiki lokaci. Haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, sai ya ba da umarni a saki sinadarin melatonin, zafin jiki ya sauka, gaɓoɓi su shiga hutu. A 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel saboda bayyana yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta, kuma an tabbatar cewa hanta da hanji da tumbi kowanne yana da nasa ƙaramin agogo da ke bin babban.

Abu biyu game da tumbi sun shafi maganarmu kai tsaye. Na farko, asid ɗin da yake fitarwa ba tare da abinci ba ya fi yawa daga farkon dare zuwa bayan tsakar dare, ya fi ƙaranci da safe. Na biyu, abinci mai nauyi ya fi daɗewa a tumbi da dare fiye da safe kafin ya gangara hanji. To, nas ɗin da ta samu sarari da ƙarfe biyu ko uku ta ci abinci sosai, ta sauke kaya ne a tashar da ma'aikatanta suka riga suka tashi. Abincin zai zauna, tumbi ya cika ya miƙe, kuma cikar tumbi ita ce babban abin da ke sa zoben nan ya riƙa saki.

Akan ce ai jiki zai saba. Gaskiyar ita ce ko a cikin masu aikin dare na dindindin, ƙalilan ne agogon jikinsu ke juyawa gaba ɗaya. Hasken safiya da ke dukan idonta a hanyar komawa gida yana mayar da agogon inda yake, ranakun hutu kuma tana komawa tsarin sauran mutanen gida. Mai jadawalin karɓa-karɓa, wadda za ta yi safe, ta yi yamma, ta yi dare duk cikin mako biyu, ita ko damar fara sabawa ba ta samu. Akwai kuma masu binciken da ke ganin raguwar melatonin saboda hasken fitilun asibiti na iya rage ƙarfin zoben, sai dai hujjar wannan ba ta kai sauran kauri ba.

Sa'ar da aka fi mantawa da ita: ƙarfe takwas na safe

A ganina a nan ne gizo yake saƙa, kuma nan ne ba a cika kallo ba. Idan ana maganar aikin dare kowa hankalinsa na kan tsakar dare. Amma a tsakar dare nas a tsaye take, tana tafiya, tana magana, tana haɗiyar yawu. Nauyin ruwa da kansa yana taimaka mata, domin ruwa gangare yake bi. Bari mu bi ta gida.

Ta miƙa aiki ga masu safe, ta bayyana musu halin kowane gado. Ta iso gida ƙafafu sun yi nauyi, idanu kamar an zuba yashi. Rabonta da abincin kirki tun jiya da yamma, ko kuma tun wancan da ya huce a kan tebur. Yunwa na cinta, barci na fizgarta, kuma ta san sa'o'i kaɗan take da su kafin hayaniyar rana ko hidimar gida ta tashe ta. Sai ta ci ta ƙoshi, ta kora da shayi mai zafi, minti ashirin bayan haka ta miƙe a kan gado. Babu wanda zai ga laifinta. Amma duba abin da ke faruwa a ciki. Tumbi a cike yake, yana kan ganiyar zubo asid don narkar da abin da aka ba shi. Ta kwanta, don haka gangaren da ke riƙe ruwan a ƙasa ya kau. Da barci ya ɗauke ta, haɗiya ta ragu ƙwarai, yawu kuma kusan ya tsaya, alhali yawun ne ke ɗauke da sinadarin da ke kashe kaifin asid. Ruwan da a tsaye zai koma cikin daƙiƙoƙi, a kwance sai ya daɗe yana jiƙa bututun.

Wani bincike da aka buga a 2005 daga Japan ya auna tazarar da ke tsakanin abincin ƙarshe da kwanciya. Waɗanda ke kwanciya kafin a cika sa'a 3 sun ninka waɗanda ke jiran sa'a 4 ko fiye yiwuwar samun ciwon kimanin sau bakwai. Wannan ne tushen shawarar da likitoci ke bayarwa ta barin sa'a 2 zuwa 3 tsakanin ci da kwanciya. Matsalar ita ce yadda ake faɗin shawarar. Ana cewa "kada ki ci abinci da daddare", ko "kada ki ci komai bayan ƙarfe takwas". Wannan magana ce ta masu barcin dare. Nas ɗin da ta ji ta za ta iya ƙin cin komai tsawon dare don bin doka, ta zo da safe ta rama, ta kwanta, wato ta aikata ainihin abin da ake gudu tana ganin ta kiyaye. Tumbi bai san agogon bango ba a wannan fanni. Abin da ya sani shi ne a cike yake ko a wofi lokacin da aka kwantar da shi.

Sannan ga gajeren barci. Barcin rana bai kai na dare tsawo ko zurfi ba, kuma rashin barci yana ƙara wa jiki jin zafi. A 2007 wasu likitoci a Amurka suka gwada wannan a kan masu ciwon ƙwannafi. Suka ɗiga musu asid a bututun abinci bayan daren da suka yi isasshen barci, suka sake ɗigawa bayan daren da barcinsu bai wuce sa'a 3 ba. Asid iri ɗaya ne, amma bayan daren rashin barcin sun fi saurin jin zafin, kuma ya fi musu tsanani. Ka ga abin ya zama zagaye: ƙwannafi ya hana barci, rashin barci ya ƙara kaifin ƙwannafi, a koma aiki a gajiye a nemi kofi.

Wasu kan nemi mafita a maganin barci. An gudu ba a tsira ba. Ɗan farkawar da mutum ke yi idan asid ya taso, ko da bai tuna da ita ba, ita ce ke sa ya haɗiya ya wanke bututun. Gwajin da aka yi da maganin barci na zolfidem ya nuna yana danne wannan farkawa, asid ɗin ya fi daɗewa a wurin. Ta yi barci ba ta ji komai ba, bututun kuwa yana jiƙe.

Abin da ke cikin jaka da aljihun riga

Masu ɗora laifi a kan nas suna da abin nunawa. Kofi, shayi mai kauri, lemon kwalba da lemukan ƙara kuzari su ne abokan aikin dare. Lemo mai gas yana kumbura tumbi ya kawo gyatsa, kuma kowace gyatsa buɗe ƙofa ce. Kafeyin kuma, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana barci, yakan ɗauki kimanin sa'a 5 kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka kofin da aka sha da ƙarfe biyar na asuba yana nan daram lokacin da ake neman barci. Abinci mai maiƙo yana jinkirta tumbi yana sassauta zoben. Cakulan, na'a-na'a, yaji da kayan tsami suna tayar wa wasu, ba sa tayar wa wasu. Taba sigari kuwa tana sassauta zoben tana kuma rage yawu.

Amma kafin a ce rashin kamun kai ne, a tuna cewa rashin barci yana birkita sinadaran da ke sanar da mutum yunwa da ƙoshi, ya sa rai ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. A tuna kuma cewa da ƙarfe uku na dare ɗakin cin abinci na asibitoci da yawa a rufe yake, abin da ke kusa shi ne biskit da lemo. A hankali sai teɓa ta fito, kuma kitsen ciki yana danna tumbi daga waje kamar ana matsa gora. Abin ban sha'awa, wani muhimmin ɓangare na abin da duniya ta sani a kan wannan daga jikin ma'aikatan jinya aka koye shi. Tun 1976 masu bincike na Jami'ar Harvard suka fara bibiyar lafiyar nas-nas mata fiye da 120,000 a Amurka, suka ƙara wani rukunin a 1989. Daga cikinsu aka fitar da sakamako a 2006, a kan mata fiye da 10,000, cewa ƙwannafi yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar nauyi, har ga wadda ba a kiranta mai ƙiba idan ta ƙara 'yan kilo. A 2021 aka sake fitar da wani a kan mata kusan 43,000: daidaiton nauyi, ƙin shan taba, motsa jiki na minti 30 a kullum, taƙaita kofi da shayi da lemo zuwa kofi biyu a rana, da abinci mai kyau, idan suka haɗu suna iya kawar da kusan kashi 40 cikin 100 na alamomin ciwon.

Akwai kuma abin da aikin kansa ke kawowa. Sunkuyo don gyara shimfiɗa, ɗaga majinyaci, tura gado, duk suna ƙara matsi a ciki, balle idan an yi su jim kaɗan bayan cin abinci ko da ɗamara a ɗaure tamau. Ciwon baya da wannan aiki ke haifarwa yana kai hannu ga ibufrofen da diklofenak da asfirin, waɗanda ke cin bangon tumbi da na bututun. Wasu magungunan hawan jini, irin su nifedifin da amlodifin, suna sassauta zoben. Mai juna biyu kuma ta haɗa biyu: sinadaran ciki suna sassauta tsoka, jariri yana turo tumbi sama.

Me bincike ya tabbatar game da daren kansa?

Bincike da dama a ƙasashe daban-daban sun samu ƙwannafi ya fi yawa a tsakanin masu aikin dare da na karɓa-karɓa fiye da masu aikin rana. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Koriya ta Kudu da aka buga a 2016, a kan dubban maza masu aiki a wurin ƙera jiragen ruwa. Ba tambayarsu kawai aka yi ba, an zura musu na'urar leƙa ciki, aka ga ƙujewar bututun abinci ta fi yawa ga masu aikin dare, ko bayan an yi lissafin sauran abubuwa kamar ƙiba da taba.

Sai dai a yi hattara da yadda ake karanta irin wannan sakamako. Yawancin binciken da aka yi a kan nas-nas takardar tambayoyi ce ake rabawa a lokaci guda. Tana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ta nuna wanne ya haifi wanne. Wadda ta gaji tana iya tuna zafinta fiye da wadda ta huta. A ɗaya gefen kuma akwai abin da ke rage adadin: wadda ciwon ya fi ƙarfinta takan nemi a mayar da ita rana ko ta bar aikin, sai a zo ƙirga a tarar da masu juriya kaɗai a jadawalin dare, a ɗauka daren bai yi ɓarna sosai ba.

Nawa hukuncin shi ne raba "dare" da "ɗabi'a" a wannan magana kamar raba hanta da jini ne. Jadawali ne ke yanke lokacin da za ta ci, da abin da za ta samu ta ci, da tsawon barcin da za ta yi. Wanda ya ce ta gyara ɗabi'arta ya faɗi gaskiya, amma in bai tambayi wa ya riƙe mata ɗakin ta zauna ta ci abinci ba, rabin magana ya yi.

Magani, da lokacin shansa

Magungunan sun kasu uku. Na taunawa ko na ruwa suna kashe kaifin asid nan take, amma aikinsu gajere ne. Wasu irin su Gaviscon suna yin kumfa da ke yawo a saman abin da ke tumbi ya tare ƙofar. Rukuni na biyu, irin su famotidin, suna rage fitar asid na sa'o'i, sai dai ƙarfinsu kan ragu idan ana sha kullum. Ɗan'uwansa ranitidin, wanda da ya cika ko'ina, hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi daga kasuwa a Afrilun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa mai iya jawo sankara. Rukuni na uku, su omefrazol, su ne mafi ƙarfi.

Omefrazol yana kashe 'yan famfunan da ke fitar da asid a bangon tumbi ne a lokacin da suke aiki, kuma cin abinci ne ke tayar da su. Shi ya sa ake shan sa minti 30 zuwa 60 kafin abinci. Takarda takan ce "da safe kafin karin kumallo". Ga mai aikin dare, abin da ya dace ta tattauna da likita shi ne shan sa kafin babban abincinta na farko bayan ta tashi daga barci, ko da ƙarfe huɗu na yamma ne. Da yawa sun ce maganin ba ya musu aiki, alhali lokacin shan ne ya kauce. Ƙa'idar da likitocin ciki ke bi ita ce a gwada na mako 8, sannan a duba ko za a rage ko a tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aikacin lafiya ya fi kowa sauƙin zama likitan kansa. Magani na kusa, sunansa sananne ne, lokacin zuwa layi babu. Sai a shekara ana tauna ƙwaya ba wanda ya duba. Akwai alamomin da ba a jira da su: abinci ya riƙa maƙalewa ko haɗiya ta yi zafi, rama ba dalili, amai mai jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, amai da ya ƙi tsayawa, ko ƙarancin jini. Waɗannan na buƙatar a leƙa ciki. Asid ɗin da ya daɗe yana ƙona bututun yana iya barin tabo ya tsuke hanya, ko ya sauya fatar wurin zuwa abin da ake kira bututun Barrett, wanda a ƙasa da mutum 1 cikin 100 a shekara yake rikiɗa zuwa sankara. Kuma kada a manta, ciwon zuciya kan zo da kamar ƙwannafi, musamman ga mata da masu ciwon sukari. Zafin ƙirjin da ya zo da gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya bi hannu da muƙamuƙi, ko ya taso lokacin hawan bene, a auna zuciya tukuna kafin a ce ciki ne.

Gyaran da ke hannunta

Babban abinci ya koma kafin shiga aiki. Cikin dare a ci kaɗan-kaɗan, marar maiƙo. Abin da za a ci na ƙarshe a ci shi tun wajen ƙarfe biyar ko shida, kafin a miƙa aiki, yadda miƙa aikin da tafiya gida da wanka za su cinye sa'o'in jiran. In yunwa ta matsa a gida, ɗan abu kaɗan ya isa. Kofi ya tsaya a rabin farko na dare. A kwanta a gefen hagu, domin a haka mahaɗar bututun da tumbi tana saman ruwan, a gefen dama kuwa tana nutsewa a cikinsa. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya maye gurbin wannan, lanƙwasa mutum yake yi a ciki ya ƙara matsi.

Gyaran da ke hannun masu tsara jadawali

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai ma'aikatan jinya kusan miliyan 28 a duniya, tara cikin goma mata ne, kuma ana da giɓin miliyan 5.9. Wannan giɓi da dare ya fi fitowa, lokacin da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe ɗakin da mutum biyar ke riƙewa da rana. Asibiti ba ya rufewa, don haka babu mai cewa a soke aikin dare. Amma akwai bambanci tsakanin jadawali da jadawali. Masana lafiyar ma'aikata sun fi son wanda ke juyawa gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, saboda jiki ya fi sauƙin jinkirta barci a kan gaggauta shi. Suna son a taƙaita yawan darare a jere, a ba da isasshen hutu bayansu, a kuma sanar da jadawali da wuri.

Dokoki ma sun san da maganar. Yarjejeniya mai lamba 171 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1990, ta ba mai aikin dare haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta, kuma idan likita ya tabbatar daren na cutar da shi a mayar da shi aiki makamancinsa in da hali. Ƙasashen da suka amince da ita a hukumance ba su da yawa. Dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta 2003 ta ƙayyade wa masu aikin dare matsakaicin sa'a 8 cikin 24, da hutun sa'a 11 a jere kowace rana.

Wannan ya shafi wanda ke kwance a gado da wanda ke jinyarsa. Nas ɗin da ƙwannafi ya hana ta barcin rana, ita ce za ta lissafa maganin yaro da ƙarfe huɗu na asuba, ita ce za ta lura numfashin tsohuwa ya sauya. Duba lafiyar ma'aikata na shekara yakan auna hawan jini da sukari, kuma ƙara tambaya biyu a kan zafin ƙirji da tsawon barci ba ya cin kuɗi. Wurin ɗuma abinci da ruwan sha a kusa da ɗakin marasa lafiya shi ma ba babban kashe kuɗi ba ne. Mai tsadar shi ne hutun cin abinci na gaske, domin yana buƙatar ƙarin mutum. A ɗakin da na yi jinya an rubuta hutun minti talatin a jikin jadawalin da ke manne a bango, na karanta shi da idona. Amma ita kaɗai ce a ɗakin daga ƙarfe tara na dare zuwa wayewar gari, kuma babu sunan wanda zai karɓe ta a gaban wannan minti talatin ɗin.